Ƙuri'ar talaka da harshen boko

Akwai wata magana da ba ta mutuwa a garin Maraɗi. Takan kwanta shekara da shekaru, sa'an nan ta farka duk ranar da aka taɓo zancen zaɓe, ko a fadar ma'aikata bayan la'asar, ko a ƙofar wani kanti na babbar kasuwa. Maganar ita ce wai bai dace ba a bar mutumin da bai taɓa zama bisa bencin lakwal ba ya jefa ƙuri'a, tun da ba ya iya karanta tsarin mulki, ba ya kuma jin harshen da ake rubuta doka da shi. A da, in an ce harshen doka, Faransanci ake nufi. To amma tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, maganar ta samu sabuwar riga: yanzu har da Ingilishi ake lissafawa cikin abin da ya kamata mai zaɓe ya sani.

Gaskiya ne babu zaɓe a gaban jama'a yau. An dakatar da tsarin mulkin 2010 tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an kuma rushe jam'iyyun siyasa a 2025. Sai dai ran gini ran zane: lokacin da babu mai neman kujera shi ne lokacin da za a iya auna irin wannan zance da hankali kwance.

Abin da masu wannan ra'ayi suka manta, ko kuma ba a koya musu a lakwal ba, shi ne an riga an gwada shi a ƙasar nan. Dokar Faransa ta 5 ga Oktoba 1946, wadda a ƙarƙashinta aka zaɓi Diori Hamani ɗan majalisa a Paris, ba kowa ta ba ƙuri'a ba. Jerin mutane ta yi: ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, sarakuna da masu gari, ƴan kasuwa masu biyan patanti, masu takardar mallakar fili, har da mai takardar izinin tuƙa mota da mai izinin farauta. A watan Agusta na 1947 aka ƙara wani rukuni, wato duk wanda ya iya nuna cewa yana karatu da Faransanci ko da Larabci. A 1951 aka shigo da masu gida masu biyan haraji, da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Mai karatu ya duba wannan jeri da kyau. Direban wani kanti na Nasara yana da ƙuri'a, manomin gyaɗar da yake ɗaukar kayansa ba shi da ita, alhali gyaɗar nan ce ke riƙe da arzikin Maraɗi na wancan zamani. Sai da dokar 23 ga Yuni 1956, wadda ake kira da sunan minista Gaston Defferre, aka ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, kuma da ita aka yi zaɓen majalisar ƙasa na Maris 1957 wanda ya kai Djibo Bakary ga jagorancin gwamnati.

Ke nan wanda ke neman a sa sharaɗin harshe a 2025 yana neman a koma bayan 1956. Har ma Nasara ya fi shi sauƙi ta wani gefe, domin shi ya yarda malamin zaure mai karanta Larabci ya shiga layi.

Sai a zo ga lissafi, tun da masu karanta wannan shafi mutanen lissafi ne. Ƙididdigar da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta bayar ta nuna kimanin 13 cikin 100 na ƴan Nijar ke jin harshen. Manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai biyu cikin biyar ba, mata kuwa sun fi komawa baya. In aka ce sai mai Faransanci, an kori fiye da mutum takwas cikin goma daga rumfar zaɓe. In aka ce sai mai Ingilishi, to, har yawancin ma'aikatan da ke kawo shawarar za su tsaya waje, domin Ingilishin koleji da na lise, in ba a ci gaba da taɓa shi ba, bai cika wuce gaisuwa ba. Abin dariya shi ne, a Maraɗi wanda ya fi kusa da Ingilishi sau da yawa ɗan kasuwa ne mai bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, wanda ya tsinci kalmominsa bisa takardun kaya da bakin shingen kwastan.

Akwai dai hujjar da ba a iya watsarwa haka kawai. Masu ra'ayin suna cewa wanda bai yi karatu ba shi ake saye da sabulu da atamfa da jaka ɗaya ko biyu ranar zaɓe. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya ga kamfe a ƙauyukan jahar nan ya san ya faru. Amma ciniki mutum biyu ke yin sa. Mai sayen ƙuri'ar, da mai rubuta sakamakon ƙarya a takardar rumfa, da mai sa hannu a ƙarƙashinta, duka sun iya Faransanci sarai. Tarihin shekarun dimokuraɗiyya ma ya isa shaida. Taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 da Faransanci aka yi muhawararsa. Talakawa suka fito a 1993 suka zaɓi Mahamane Ousmane cikin lumana, suka koma gonakinsu. Rikicin da ya tsayar da ƙasa a 1995 tsakanin shugaban da firaminista Hama Amadou rikici ne na fassarar ayoyin tsarin mulki tsakanin masu digiri, shi ya buɗe ƙofa ga juyin mulkin 27 ga Janairu 1996. A Yuli na wannan shekara aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u, aka ce Ibrahim Baré Maïnassara ya ci tun zagayen farko. A 2009 aka rushe majalisa da kotun tsarin mulki saboda tazarce. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka shirya a kasuwar Tsibiri ko a fadamar Jiratawa.

Fadamar Jiratawan nan ta cancanci a tsaya a kanta. Manoman da ke aiki a filin noman rani na garin, kilomita kaɗan kudu da Maraɗi, suna cikin ƙungiyar haɗin gwiwa da ke zaɓen shugabanninta. Sun san ranar da ruwa zai zo kan layin kowa, sun san kuɗin da ake biya bayan girbi saboda wutar famfuna da gyaran magudanai, sun san wanda ya biya da wanda ya maƙale, kuma in ma'aji ya ci amana ba sa buƙatar tafinta kafin su gane. Mutumin da ya iya auna amanar wanda ya riƙe masa kuɗin ruwa, me zai hana shi auna amanar wanda ke neman riƙe masa kuɗin ƙasa? Haka alhajin da ke juya miliyoyi a kansa, yana ƙidaya da dala da jaka, yana sauya sefa zuwa naira kafin akawunsa ya gama taɓa na'ura. Mai bincike Emmanuel Grégoire littafi guda ya rubuta a 1986 kan alhazan Maraɗi, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda mutanen da akasarinsu ba su bi ta lakwal ba suka gina kasuwancin da ya tsallaka iyakoki. A ce irin wannan mutum ya isa biyan patanti da kuɗin kwastan, bai isa faɗin wanda zai kashe kuɗin ba?

Zaɓen shugaba ma ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Tsibiri, Taran Gobir ke da alhakin fitar da sarki. A Maraɗi kuwa Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ne. Zaɓe ne na ƴan kaɗan, ba wanda zai kira shi dimokuraɗiyya, amma da Hausa ake auna halin ɗan sarki, da Hausa ake jayayya, da Hausa ake yanke magana. Jam'iyyun shekarun dimokuraɗiyya sun fahimci haka, shi ya sa kowace ta liƙa wa haruffanta na Faransanci suna da talaka zai riƙe: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya. Da harshen gida ake roƙon ƙuri'a. Bayan an samu ne ake komawa Yamai a yi doka da harshen da mai ƙuri'ar ba ya ji.

Inda maganar ke da nauyi na gaske shi ne wajen wanda ake zaɓa. Depite aikinsa karanta kasafin kuɗi ne da yarjejeniyar bashi da ta ma'adinai, kuma wanda bai iya karanta su ba yana iya ɗaga hannu ga abin da zai cuci mazaɓarsa. Wannan damuwa ce ta sa tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, a aya ta 84, ya wajabta kowane jerin ƴan takarar majalisa ya ƙunshi aƙalla 75 cikin 100 masu takardar BEPC ko makamanciyarta, sauran kada su wuce 25 cikin 100. A jaha irin ta Maraɗi, inda manyan ƴan kasuwa ke da baki cikin siyasa, kowa ya san wa ayar ta taɓa. Ana iya jayayya a kan ko ta gyara majalisa. Majalisun da aka zaɓa ƙarƙashinta a 2011 da 2016 da 2020 dai ba su bar shaidar cewa takardar koleji na hana ɗaga hannu bisa umurnin jam'iyya ba. Amma ko masu rubuta wannan aya ba su taɓa haƙƙin mai jefa ƙuri'a ba.

Maƙwabta ma haka suka raba abin. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya nemi ɗan takarar majalisar tarayya ya yi karatu zuwa matakin takardar sakandare ko makamancinta, kuma cikin fassarar makamancin har an ambaci iya karatu da rubutu da magana da Ingilishi. Mai zaɓe kuwa shekara 18 da rajista kawai ake nema gare shi, yana dangwala yatsa kusa da alamar jam'iyya. Amurka, ƙasar Ingilishi da kanta, ta bi wannan hanya ta dawo. Jihohinta na kudu sun yi amfani da jarrabawar karatu tun 1890 don hana baƙaƙen fata zaɓe, jihar New York kuma ta sa sharaɗin karatu da Ingilishi a 1921, wanda daga baya ya tare mutanen Puerto Rico masu jin Sifaniyanci. Dokar 1965 ta fara rushe waɗannan shingaye, a 1975 aka hana jarrabawar gaba ɗaya, aka kuma wajabta buga takardun zaɓe da wasu harsuna a inda masu jin su ke da yawa. Abin da aka gani can shi ne, mai riƙe da alƙalamin jarrabawa shi ke yanke wanda ya ci. A nan ma tambayar ke nan: wane ne zai zauna a Jiratawa ya auna Faransancin tsohuwa mai sayar da zogala, kuma wane ne ya naɗa shi?

Akwai kuma gargaɗin da ya kamata Bahaushe ya yi wa kansa. Yanzu da Hausa ta hau matsayin harshen ƙasa, wani na iya cewa to a mai da ita sharaɗi, tun da yawancin jama'a na jin ta. Shingen nan ɗaya ne, fenti kawai aka sauya. A arewacin jahar nan, wajen Dakwaro da Bermo, akwai Fulani da Buzaye da Hausarsu ta kasuwa ce kawai, a yamma akwai Zabarmawa da Gurmawa, a gabas Barebari da Tubawa. Dokar 2001 harsuna goma ta amince da su a matsayin na ƙasa, kuma mai jin kowanne cikinsu yana biyan haraji.

Aikin da ke jiran masu shirya dokar zaɓe ta gaba yana wajen hukuma. A fassara kundin da dokar zaɓen zuwa harsunan jama'a tun kafin a kira su rumfa, a buga su da boko da ajami, domin dubban almajiran da suka fita daga makarantun allo na Maraɗi da Tsibiri suna karatu, ko da ƙididdigar lakwal ba ta cika lissafa su ba. A karanta su aya bayan aya a gidajen rediyo, yadda jama'ar nan suka saba bin labarin duniya da Hausa shekara da shekaru. A majalisa kuma a tanadi tafintoci da fassarar kasafin kuɗi, ta yadda depite daga Madarunfa zai yi jayayya a kan kuɗin takin zamani da harshen da ya yi alkawarin takin da shi, mutanen da suka aike shi kuma su ji abin da ya faɗa a rediyo da daren wannan rana.