LAFIYA UWAR JIKI: Mura Baƙuwar Mako Guda Ce, Kada Ta Cinye Kuɗin Cefane

A wannan wata za mu tattauna ne a kan baƙuwar nan da ba ta sallama, watau mura, da kuma irin kuɗin da muke zubarwa a kanta ba gaira ba dalili.

Duk wanda yake zuwa sallar asuba a babban masallacin Briqueterie tun da ruwan Satumba ya kankama ya san abin da muke nufi. Liman na karatu, sahun gaba na tari, sahun baya na jan majina. Haka abin yake a shagunan teloli, haka yake wurin masu tsire da dare. Garin nan namu Yawunde bisa tuddai yake, da safe sanyi, da rana zafi, da yamma ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ga shi kuma gidajenmu a cunkushe suke, ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, in ɗaya ya kamu, kafin mako ya zagayo ta bi kowa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne wani abu da ya faru da wani maƙwabcinmu tela, mai 'ya'ya uku. Da mura ta shiga gidansa sai ya tafi wurin wani mai teburin magani a bakin kasuwa, aka haɗa masa kafso, da kwalba biyu ta maganin tari, da bitamin, da wani gari na takarda da ake zubawa a ruwan zafi, shi kuma aka yi masa allura biyu. Da ya lissafa, sefa 9,000 ta tafi. Bayan mako guda kowa ya warke, ya tare mu a ƙofar gida yana cewa, "Malam, ai maganin mutumin nan kamar yankan wuƙa." Muka ce masa, "Maigida, Allah ya ƙara sauƙi, amma ko ba ka sha komai ba, a ranar da ta tafi a ranar za ta tafi." Dariya ya yi mana.

Ba a yi kwana goma ba sai 'yarsa mai shekara bakwai ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, ga amai. A lokacin ba ko sisi a aljihunsa, sai da ya kwana biyu yana neman rance kafin ya kai ta asibiti, inda aka gwada jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya riga ya yi ƙarfi. Allah ya sa da sauran kwana yarinyar ta tashi. To amma mu duba mu gani: kuɗin da zai kai ta asibiti tun ranar farko shi ne wanda mura ta cinye.

Mece ce mura? Wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ne da ake kira bairus suke kawo ta, kuma irinsu ya haura 200, shi ya sa mutum yake warkewa daga wannan ya sake kamuwa da waccan. Babba yakan yi ta sau biyu ko uku a shekara, yaro kuwa sau shida har takwas, wannan ba alamar wani mugun ciwo ba ne. Takan yi kwana 7 zuwa 10, tarin da take bari kuma yakan kai mako uku kafin ya rabu da mutum. A garin Salisbury na ƙasar Ingila an buɗe wata cibiya a 1946 wadda ba ta da aiki sai binciken mura, ana kawo masu sa kai ana ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci. An yi sama da shekara 40 ana wannan aiki, aka rufe cibiyar ba a samo maganin da ke kashe mura ba. Har yau kuma babu shi. Jiki ne da kansa yake korar ta, abin da magani yake yi kawai shi ne rage wa mutum wahala kafin ta wuce.

Saboda haka kafson nan da muke saye, amoksisilin ne ko mai ja da rawaya, ba ya taɓa mura ko kaɗan, domin an yi shi ne don wani jinsin ƙwayar cuta dabam. Ko majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wannan hanyarta ce, ba ita ke nuna ana bukatar kafso ba. Illar kuwa biyu ce. Ta farko asarar kuɗi, har da gudawa ga wasu. Ta biyu, wadda ta fi muni, ƙwayoyin cutar da ke jikinmu sukan saba da maganin, ranar da ciwon haƙarƙari na gaske ya zo sai a ba da shi ya ƙi ci. Allura da ƙarin ruwa su ma ba su da gurbi a mura, sai dai mai yin su ya ƙaru.

Sai maganin tari na kwalba, wanda a nan ne muke roƙon iyaye mata su buɗe kunne da kyau. A 2023 aƙalla yara shida suka rasu a Fundong, cikin yankin Arewa maso Yamma na ƙasar nan, bayan an ba su wani maganin tari mai suna Naturcold. A watan Yuli na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa an sami gubar da ke kashe ƙoda a cikinsa har kashi 28.6 cikin ɗari, alhali abin da aka yarda da shi bai wuce kashi 0.10 ba. A jikin kwalin an rubuta sunan wani kamfani wai na Ingila, da aka bincika hukumomin can suka ce babu kamfani mai wannan suna a ƙasarsu. Kafin nan, a 2022, irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya, kuma 'yan uwanmu na Nijeriya ba su manta da My Pikin ba, wanda ya hallaka yara sama da 80 daga ƙarshen 2008. Duk waɗannan iyaye da kuɗinsu suka saya, don tausayin 'ya'yansu. Ko maganin tarin mai kyau ne, likitocin yara ba su ga wani amfanin kirki da yake yi wa ƙaramin yaro mai mura ba, balle wanda ya yini a rana bisa tebur, ba a san inda ya fito ba.

Manya ma akwai abin lura. Yawancin magungunan mura da ake haɗawa wuri guda, irin su Fervex da Dolirhume da Actifed Rhume, akwai farasitamol a cikinsu. In mutum ya sha ɗaya daga cikinsu ya kuma ɗora farasitamol a kai, ya ninka ke nan bai sani ba, kuma yawansa hanta yake lalatawa. Wasunsu kuma suna da sinadarin buɗe hanci mai suna sudo'efedirin, wanda yake matse jijiyoyin jini, yana da haɗari ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mace mai ciki. A Faransa, inda yawancin waɗannan magunguna suke fitowa, tun watan Disamba na 2024 aka hana sayar da masu wannan sinadari sai da takardar likita.

To, me ya kamata mu yi? Abin da ake bukata mafi yawansa yana cikin madafinmu, saura kuma 'yan canji ne a kasuwar Mokolo. Da farko a huta, a sha ruwa da yawa, da abu mai ɗumi kamar kunu da shayi da romon farfesu. A dafa citta da ɗan kanumfari, a matsa lemun tsami, a zuba zuma. Zuma dai Allah ya hore mana ita daga Adamawa, kuma bincike ya nuna cokalin shayi ɗaya kafin barci yana sassauta tarin dare ga yara. Amma fa a kiyaye, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da cikinsa bai iya jurewa ba. Shi jariri nono ne maganinsa, a ƙara yawan ba shi.

In maƙogwaro na zafi, a zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofin ruwan ɗumi a kurkure a tofar, sau uku ko huɗu a yini. In hanci ya toshe, a tafasa rabin lita na ruwa, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya shafe, a bari ya huce, a riƙa ɗigawa a hanci, kuma kowace rana a haɗa sabo. Ga jariri gara a sayi ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi cikin 'yan ƙananan robobi, a ɗiga masa kafin a ba shi nono. Babba in yana so ya yi sirace ya yi, amma kada a sa yaro a kan tukunyar ruwan zafi, ƙuna ta fi mura. Kada kuma a cusa man zafi a hancin jariri.

Don ciwon kai da zafin jiki, farasitamol kaɗai ya isa. Babba ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, ya bar awa shida tsakani, kada ya wuce ƙwaya 6 a yini da dare sai da izinin likita. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, sai a tambayi mai farmasi, kuma ba a ba yaro asfirin. Dattawanmu suna tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Daga nan ne aka ƙarfafa sayar da magani da sunansa na asali, watau jenerik. Wannan darasi bai tsufa ba. In mun shiga farmasi ko ɗakin maganin asibitin gwamnati, mu ce jenerik muke so, ba abin kunya ba ne, sinadarin ɗaya ne da na cikin kwali mai ado, kuɗin ne ya bambanta.

Kuɗin da muka tsimi ta wannan hanya sai mu ƙulle shi don ranar da abin ya wuce mura. A garin nan duk zazzaɓin da ya yi zafi, ko ya kwana biyu bai sauka ba, a je a gwada jini, kada a ce ai mura ce. Tun 2011 gwamnati ta mayar da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a asibitocinta, mu nemi haƙƙinmu. Uwa kuma ta koyi ƙirga numfashin ɗanta na minti ɗaya yana kwance lafiya lau ba ya kuka. In bai kai wata biyu ba ya yi 60 ko fiye, ko yana tsakanin wata biyu da shekara ɗaya ya yi 50, ko tsakanin shekara ɗaya da biyar ya yi 40, to alamar ciwon haƙarƙari ce. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko an kasa ta da shi daga barci. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi a tafi. Duk waɗannan ba a jiran gari ya waye, ga Babban Asibitin Yawunde nan kusa da mu, da cibiyar uwa da yaro da ke gefensa.

Babba kuma in tari ya wuce mako biyu, yana rama, yana gumin dare, ko ya ga jini a kaki, ya je a duba shi ko tarin fuka ne. Asibitin Jamot aikinsa ke nan, kuma maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a ƙasar nan. Tsofaffi da masu ciwon sukari da masu asma su ma kada su yi jinkiri in numfashi ya fara yi musu wuya.

Rigakafi kuwa ya fi magani, kuma sabulu ya fi kafso araha. Ta hannu da atishawa mura take yawo, saboda haka mu wanke hannu da sabulu, mai mura ya ware kofinsa da hankicinsa, ya rufe baki in zai yi tari, a buɗe taga iska ta shiga. Takunkumin da muka saba da shi a 2020 lokacin korona, in mai mura ya sa shi zuwa sahu ko cikin taksi, ya kyauta wa jama'a.

Maƙwabcin namu dai har yanzu yana biyan bashin da ya ci. Jiya muka ji yana atishawa a bakin kekensa, da muka leƙa sai muka tarar da kofin citta da lemun tsami a gefensa. A nan za mu dakata, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da wadata, amin.