Ajiyar Kuɗin Asibiti A Waya Ba Ta Rage Maka Haraji

Matasa da dama a Dutse sun koyi ware kuɗi a manhajoji irin su OPay da PalmPay saboda ranar rashin lafiya. Dabara ce mai kyau. Sai dai tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, wasu sun ɗauka cewa wannan ajiya za ta rage musu haraji. Ba haka ba ne.

A Amurka akwai asusu na musamman, HSA, wanda ba a cire haraji a kan kuɗin lafiyar da aka zuba a ciki. Amma yana da iyaka: dala 4,300 ga mutum ɗaya a 2025. Wanda ya zarce bai kwashe rarar ba, ana cajinsa kashi 6 cikin 100 na rarar duk shekara. Shi ya sa manhajojin cike takardar haraji a can suke gargaɗin mutum kafin ya tura.

Najeriya ba ta da irin wannan asusu. Abin da doka ta yarda a cire daga kuɗin shigarka kafin lissafin haraji shi ne gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, fansho, asusun gidaje na NHF, inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da kake zaune. Ko ka raɗa wa ajiyarka suna "asibiti", ba ta cikin jerin.

Mu ma muna da iyakar da ke ruɗa mutane, wato rangwamen haya. Kashi 20 cikin 100 ne na hayar shekara, kuma ba ya wuce naira 500,000. Mai biyan 600,000 rangwamensa 120,000 ne kacal. Idan yana matakin harajin kashi 15, naira 18,000 ta rage masa. Wanda ya rubuta 500,000 kai tsaye ya ba da bayanin da ba daidai ba, kuma shi zai amsa tambaya.

A ganina, bai kamata a bar matashi ya gano wannan da kansa ba. Hukumar tara haraji ta Jigawa ta samar da fom na waya da zai yi lissafin, ya kuma yi gargaɗi da Hausa da zarar an wuce iyaka. Ta bayyana ƙarara matsayin kuɗin da ake biya wa JICHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Manhajar kuɗi tana hana ka tura abin da ya wuce matakin asusunka nan take, don haka fasahar ba sabuwa ba ce.

Kafin nan, ka ɗauki hoton rasidin haya da na inshora, ka adana a Google Drive, domin ana iya neman hujja. Wa'adin miƙa bayanan harajin shekara shi ne 31 ga Maris.