Karantar da yara a gida: abin da bincike ya nuna

A Amurka, yaran da iyaye ke karantarwa a gida maimakon kai su makaranta sun kai kusan 850,000 a 1999, zuwa 2012 kuwa adadin ya ninka. Masu goyon bayan tsarin sun fi kafa hujja da binciken Lawrence Rudner na 1999, wanda ya duba sakamakon jarrabawar yara sama da 20,000, ya tarar sun yi wa takwarorinsu na makarantu fintinkau.

Sai dai da sauran rina a kaba. Akasarin iyalan yaran da Rudner ya duba masu hali ne, uwa da uba suna tare, kuma sun yi karatu mai zurfi. Ɗan irin wannan gida, ko a aji yake zaune, da wuya a bar shi a baya. Rudner da kansa ya yi gargaɗi kan hakan.

Wani ƙaramin bincike a Kanada a 2011 ya fi fayyace lamarin. Yaran da iyayensu ke bin manhaja da jadawali sun zarce 'yan makarantar gwamnati, waɗanda aka bari su koyi abin da suka ga dama kuwa an bar su a baya.