Lissafin Wata Ba Duba Ba Ne

Kullum azumi ko salla ta gabato sai gardama ta ɓarke a ɗakunan kwananmu: wannan gari sun sha ruwa, wancan suna azumi. Da ɗalibi ya buɗe baki ya ce ai ana iya lissafa ranar haihuwar wata, sai a yi masa caa, a ce ya zama boka. Haba jama'a! Yaushe ƙidaya ta zama duba?

Wata ba ya tafiya da ka. Daga haihuwa zuwa haihuwa, a matsakaici, kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Tun shekara ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa, wani Bagirike mai suna Meton ya nuna cewa wata 235 sun yi daidai da shekara 19 ta rana, bambancinsu bai wuce kamar sa'a 2 ba. Mutanen Babila kuwa sun gane husufi yana komowa bayan wata 223, watau shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sa'a 8.

Wanda ke shakka ya tuna ranar 29 ga Maris 2006, da rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi a sassan Nijeriya da Nijar. Ƙara wata 223: ga husufin 8 ga Afrilu 2024 a Meziko da Amurka da Kanada, domin sa'a 8 ɗin nan ta tura inuwar yamma. Ƙara shekara 19: ga 29 ga Maris 2025, sabon wata, har da husufi. An haife shi wajen ƙarfe 12 na rana agogon Nijeriya, da magariba bai cika sa'a 8 ba, alhali ido bai taɓa tabbatar da jinjirin da bai kai sa'a 15 ba. To, wanda ya ce ya gan shi a wannan magariba, me ya gani?

Ba mu ce a daina duban wata ba, hukunci na malamai ne. Amma su Albattani da Albiruni, da suka yi rubutu kan sharuɗɗan ganin jinjiri, ai ba Turawa ba ne. Abin da muke nema shi ne, duk kwamitin da zai karɓi shaida ya zaunar da masanin falaki, a tambayi mai shaida ƙarfe nawa ya gani, ta wace kusurwa, ina ƙahonninsa suka fuskanta, sa'an nan a gwada amsarsa da lissafi kafin a buga ganga.