Kafin a Zagi Sabis, a Koya wa Ɗalibai Yadda Ake Rabon Iska

Bayan sallar isha'i, a gidajen hayar ɗalibai da ke Tudun Fulani da Bosso a garin Minna, kusan kowane ɗaki da tasa hanyar shiga intanet. Wannan ya kunna hosfot na wayarsa ya jona kwamfuta, wancan ya ɗora MiFi a bakin taga, na kusa da shi kuma sun haɗa kuɗi da abokinsa sun sayi rauta. Idan ka duba jerin Wi-Fi a waya, sai ka ga sunaye sun cika fuskar allo har sai ka ja ƙasa. Can sai shafi ya ƙi buɗewa, aikin da za a tura wa malami ya tsaya a rabi, a hau tsine wa kamfanin sadarwa. Sau da yawa kamfanin na da laifi. Amma wani kaso na wannan wahala a cikin gidan aka haife shi, kuma ɗalibai ba su sani ba domin ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu. Ina ganin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983 kuma take yaye injiniyoyin sadarwa, ita ce ya kamata ta ɗauki wannan aiki, ta koya wa kowane sabon ɗalibi yadda ake koya masa amfani da ɗakin karatu.

Abin ba wani sihiri ba ne. Yawancin wayoyi da rautoci masu araha suna aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wa jama'a ba tare da lasisi ba tun 1985, kafin a fitar da ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. An yanka zangon zuwa tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, tsakanin kowace da ta kusa da ita megahaz 5 kacal, alhali siginar na'ura ɗaya tana cin kusan megahaz 20. Shi ya sa masana suka saba amfani da uku kawai, ta 1 da ta 6 da ta 11, domin su ne ba sa hawa kan juna. Kuma Wi-Fi yana da ladabi irin na majalisar dattawa: na'ura tana kasa kunne tukuna, in ta ji wata na magana a tasharta sai ta jira, in biyu suka fara tare sai duk su yi shiru su sake. Gida mai ɗaki ashirin da hosfot ashirin, ke nan baki ashirin ne ke jiran layi a tashoshi uku. Wanda ya ajiye rautarsa a tasha ta 3 ko ta 4 yana ganin ya tsere wa cunkoso ya fi kowa ɓarna, domin yana kutsawa cikin ta 1 da ta 6 a lokaci guda. Tsohuwar waya da ke can ƙarshen gida, siginarta ta yi rauni, tana daɗewa kafin ta gama tura abin da wata za ta tura cikin ƙiftawar ido, kuma duk tsawon lokacin sauran suna jiranta. Ga kuma abin sauraro na Bluetooth da ke maƙale a kunnuwan matasa, shi ma a wannan zango yake.

Abin da za a koyar bai kai darasin awa guda ba. Ɗalibi ya san cewa idan shafi yana buɗewa da sauri a wayar kanta amma yana jan ƙafa a kwamfutar da ke jone da ita, to matsalar tana tsakanin wayar da kwamfutar, ba ta kai ga turken kamfani ba. Ya san cewa igiyar caji da ke cikin jakarsa tana iya ɗaukar data daga waya zuwa kwamfuta ba tare da ta taɓa iska ba, har ma tana caja wayar a lokaci guda. Ya san cewa wayoyi da dama suna ba da zaɓin gigahaz 5, inda tashoshi suka fi yawa kuma sigina ba ta cika ƙetare bangon siminti zuwa ɗakin maƙwabci ba. Rauta wurinta sama ne, a sarari, ba ƙasan gado ko bayan firiji ba. Hosfot da aka gama aiki da shi a kashe. Sannan gida ɗaya da rauta ɗaya mai kyau, kowa ya ba da nasa kason kuɗin, ya fi rautoci goma da ke danne juna.

Akwai masu cewa wannan ɗora wa ɗalibi laifin da ba nasa ba ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mutanen Minna sun san ɗaukewar wuta sarai. Idan wuta ta tafi na'urar Wi-Fi ta makaranta ta mutu, ko kuma tun farko ba ta kai inda ɗalibi yake zaune ba, me zai yi in bai kunna nasa ba? Bai yi wauta ba. Sai dai abin yana zagayawa ne: rauni a hanyar makaranta yana sa a kunna hosfot, yawan hosfot a ɗakin lacca yana ƙara raunana hanyar makaranta, wanda ya rage yana haƙuri shi ma ya kunna nasa. Ɓangare ɗaya ba zai iya tsinka wannan zagaye shi kaɗai ba. Jami'ar da za ta ce wa ɗalibai su kashe nasu dole ta fara sa wa na'urorinta batir ko sola, ta ƙara su a inda ake taruwa. In ba haka ba, wa'azin ba zai wuce ranar da aka yi shi ba.

Wasu kuma, musamman masu kula da na'urori, sun fi son a kafa doka kawai: a hana, a ƙwace, ko a toshe. Wannan hanya ba ta ɓullewa. A 2014 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci kamfanin otal na Marriott tarar dala 600,000 saboda ya toshe hosfot na baƙi a wani otal nasa, domin zangon ba mallakar mai gini ba ne. A nan gida ma, Hukumar Sadarwa ta Najeriya ce dokar 2003 ta ɗora wa kula da zangunan sadarwar jama'a, ba mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai ba. Makaranta tana da ikon tsara abin da ake jonawa a hanyarta, wannan ba gardama. Amma ikonta yana ƙarewa ne a bakin ƙofar harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano, ɗalibai masu yawa kuwa a waje suke kwana, cikin gidajen da mai su ba ya ƙarƙashin kowace majalisar jami'a. Ɗalibin da aka tsorata zai ɓoye sunan hosfot ɗinsa ne kawai, na'urar kuwa ta ci gaba da cin iska kamar da. Wanda aka fahimtar cewa igiya za ta sa aikinsa ya fi sauri, shi zai canza da kansa, domin ribar tasa ce kafin ta zama ta maƙwabci.

Kuma jami'ar ba ta rasa masu yin aikin ba. Ɗaliban injiniyancin sadarwa suna neman abin da za su yi bincike a kai a shekarar ƙarshe. Ga shi a bayan katangarsu. Da manhaja ta kyauta a waya za su iya zagaya gidajen Tudun Fulani da daddare, su auna tashar da ta cika da wadda take fili, su nuna wa mazauna gidan a allo, su gyara musu saitin nan take. A sa maganar cikin shirin tarbar sababbin ɗalibai, a yi ta a rediyon jami'ar, Search FM, da Turanci da Hausa da Nufanci da Gwaranci, domin masu gidajen haya da masu shagunan buga takardu da ke kewaye su ma rautocinsu suna cikin wannan cunkoso. A wurin tarbar kuma za a gargaɗi ɗalibai kan hosfot na bogi, wanda ɓarawo ke raɗa wa suna irin na makaranta ya bar shi a buɗe, yana jiran wanda zai shiga ya rubuta lambar sirrin bankinsa.