Zafin bazara da tsadar wuta: ko soson bango zai taimaki masu gini a Nijar?

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma a lokacin ne yankewar wutar Nigelec ke ƙaruwa. Gidajen bulo da rufin kwano, irin waɗanda ƴan ci-rani ke aiko kuɗi a gina musu, suna shan rana wuni guda su sako zafin cikin ɗaki da dare.

Ɗaya daga cikin dabarun rage wannan zafi shi ne liƙa faifan soso mai tauri a jikin bango, wato polistiren, farin abin nan da ake naɗo firiji a cikinsa. Faifai mai kaurin santimita 5 ya fi kankare mai kaurin mita ɗaya tare zafi. Ɗaki zai daɗe da sanyinsa bayan an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta rage aiki, kuɗin wuta ma ya sauka.

Sai dai sosan na kamawa da wuta, don haka dole a rufe shi da shafe. Gara ma na iya yin hanya a cikinsa. Sannan a gidan da ba bene ba, zafi ya fi shigowa ta rufi.

Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya fara da rufi kafin bango. Wanda kuma bai aza harsashi ba tukuna yana da wani zaɓi: tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, kamar wanda Mariam Issoufou da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000 da shi.