Kafin a sayar da gida domin dashen ɓargo

A ma'aikatun tarayya da ke Abuja, ba baƙon abu ba ne a ga takardar neman taimako tana zagayawa: limfoma, wato sankarar kaluluwa, ta dawo wa wani ma'aikaci bayan magani, ana neman miliyoyin naira domin dashen ɓargo a Indiya. Abokan aiki su yi karo-karo, hadimai su kai takardar gaban mai gida, iyali su sa gida a kasuwa. Tambayar da ba a cika yi ba kuwa ita ce mafi muhimmanci: shin ciwon yana jin magani har yanzu?

A irin dashen da aka fi yi wa masu wannan cuta, likitoci kan ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin su adana, su ba shi maganin kemo mai tsananin ƙarfi da ke ƙone ɓargo, sannan su mayar masa da ƙwayoyinsa. Maganin ne ke yaƙar sankarar, aikin dashen shi ne farfaɗo da jini. Idan ciwon ya riga ya bijire wa kemo, ƙara masa ƙarfi ba kasafai yake tanƙwara shi ba.

Binciken PARMA na 1995 ya nuna cewa a cikin waɗanda ciwonsu ya dawo amma yana jin magani, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe sun shekara 5 ba tare da ya sake tasowa ba, yayin da kashi 12 kacal suka kai haka da kemo zalla. Binciken SCHOLAR-1 na 2017 kuwa, wanda ya duba majinyata sama da 600 da ciwonsu ya bijire wa magani, ya gano cewa rabinsu ba su wuce kimanin wata 6 a raye ba. Wannan rukunin ne ya sa Amurka da Turai suka karkata ga maganin CAR-T, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Saboda haka, duk jami'in da zai sa hannu kan kuɗin jinya a waje ya kamata ya nemi sakamakon gwajin tsokar ƙarin da hoton da ke nuna ya ragu bayan zagaye na biyu na magani. Yin hakan kare majinyaci ne daga tafiyar da za ta cinye dukiyarsa da sauran kwanakinsa.

Babban aikin kuma yana wuyan hukumar inshorar lafiya ta NHIA da cibiyar yaƙi da sankara ta NICRAT. Haɗin magungunan farko na R-CHOP, wanda aka saba bayarwa sau 6, yana warkar da kusan mutum 6 cikin 10 masu nau'in limfomar da ya fi yawa, amma tsadar rituximab kan sa majinyaci ya yanke magani a tsakiya. Kuɗin da gwamnati za ta kashe domin a kammala wannan maganin a kan kari ya fi ceton rai bisa wanda ake tarawa bayan ciwon ya gagara.